Yadda ake wanke maleƙin tsohuwar kyamara ba tare da an kashe shi ba

Maleƙi shi ne ɗan abin nan da ake zurawa a mazaunin da ke saman tsohuwar kyamara mai fim, a sa ido a ga iyakar abin da zai shiga hoto. Masu hoto a Garwa da Marwa da Injamena sun fi saninsa da sunan Faransanci, viseur. An yi shi ne saboda tsofaffin kyamarori irin su Leica mai zare da Zorki da FED da Kiev tagarsu ta jiki tana nuna abin da idon kyamara, wato gilashin da ake ɗaura mata a gaba, mai milimita 50 yake gani kawai. Da zarar ka ɗaura wani idon, kamar Jupiter-12 mai milimita 35 ko Jupiter-11 mai 135, tagar ta daina faɗa maka gaskiya, dole ka nemi maleƙi na daban.

Akasarin waɗanda ke zuwa hannun mai gyara a lalace, ba tsufa ne ya lalata su ba. Wani ne ya buɗe, ya goge inda ba a gogewa. Garin gyaran gira aka rasa ido. Don haka kafin ka ɗauki sukudireba, ka san irin wanda ke hannunka.

Iri uku ne, kuma ba hukuncinsu ɗaya ba

Na farko shi ne mai sauƙi: gilashi mai rami a gaba, gilashi mai tudu a wajen ido, babu komai a tsakani. Yana ƙanƙanta abin da kake kallo, gefen ramin shi ne iyakar hoton. Wannan kowane mai natsuwa zai iya wanke shi.

Na biyu shi ne wanda idan ka leƙa za ka ga farin layi mai kusurwa huɗu yana shawagi a cikin iska. Ana kiransa Albada, sunan mutumin Holan da ya ƙirƙiro tsarin. SBOOI na kamfanin Leitz mai ƙera Leica, na milimita 50, irinsa ne. Layin nan an zana shi ne da siririn ƙarfe mai ƙyalli a cikin gilashin wajen ido, sannan bayan gilashin gaba an shafa masa wani madubi mai shara-shara da ke dawo da hoton layin zuwa idonka. Wurare biyun nan su ne rayuwar maleƙin. A wasu an rufe su a tsakanin gilasai biyu da aka manne, a wasu kuwa a fili suke, auduga ɗaya mai laima ta isa ta share su har abada. Kai kuma daga waje ba za ka iya tantance wanne ne ba, saboda haka ka ɗauka a fili suke.

Na uku shi ne mai firizam, wato dunƙulen gilashi mai kusurwa da ke miƙe hoto. A nan VIDOM da VIOOH na Leitz suke, da kuma mai juyin nan na Tarayyar Sobiyet da masana'antar KMZ ta Krasnogorsk ta yi a kan samfurin kamfanin Zeiss na Jamus, mai idanu biyar: 28, 35, 50, 85 da 135. Idan VIDOM ne ka ga dama ta koma hagu, kada ka buɗe shi da sunan gyara, haka aka ƙera shi. VIOOH da ya biyo baya ne ya gyara wannan.

Gano ciwon kafin a buɗe

Shiga ɗaki mai duhu, ka haska tocilar waya ta gefen gilashin gaba, a karkace, kai kuma ka duba ta baya daga nesa kaɗan. Sai ka juya ka yi haka ta ɗaya ɓangaren. Hasken da ya zo a karkace shi ke tona komai.

Ƙura ɗigo-ɗigo take. Hazo kuwa fari ne a shimfiɗe kamar numfashi a kan madubi, kuma yawanci tsohon giris ne da zafi ya tayar ya sauka a kan gilashi. A ƙasar da Maris da Afrilu ke wuce digiri 40, wannan shi ne ciwon da ya fi yawa. Fumfuna tana da zare-zare kamar saƙar gizo, tana farawa daga gefe ta nufi tsakiya. An fi ganinta a kayan da suka yi damina a cikin jakar fata, musamman a Ngaundere inda ruwa ke daɗewa, ko a gidajen da ke kusa da kogin Binuwai. Idan kuma ka ga launin bakan gizo, ko rawaya mai tsattsagewa a gefe, to danƙon da ya haɗa gilasai biyu ne ya saki. Wanki ba ya maganin wannan.

Ga wata alama da ke rage wahala a mai firizam. Ƙurar da ka gani ƙarara, baƙa mai kaifin baki, a lokacin da kake leƙe kamar za ka ɗauki hoto, tana kan ɗan gilashin da aka zana iyakar hoto ne, domin a nan idonka ya daidaita. Ƙurar da ke kan sauran gilasan ba ta fitowa haka, sai dai ta dusashe gani. Ka san ke nan inda za ka nufa, ba sai ka wargaza duka ba.

Idan ƙura biyu ko uku ce kawai kuma gani garau yake, ka wanke waje ka bar ciki. Maleƙi ba ya taɓa fim, dattinsa ba ya shiga hoto.

Kayan aiki

Robar hura iska. Idan babu ta masu hoto, wadda ake sayarwa a famasi don hancin jarirai ta wadatar, in dai sabuwa ce. Burushi mai laushi wanda bai taɓa shiga fenti ko kwalliya ba. Sukudirebobin masu gyaran agogo, daga milimita 1 zuwa 2. Matsefata. Tsinken sakace da audugar famasi da za ka naɗa da kanka, don audugar goge kunne wani lokaci akwai gam a ƙarƙashinta wanda alkol ke narkarwa ya bar shi a kan gilashi. Guntun tsohon tub na babur. Farantin ƙanƙara na firji, don jera sassa bi da bi. Fensir. Farin ƙyalle da za ka shimfiɗa a cikin tire mai baki.

Ruwaye huɗu ne. Alkol, wanda ya fi shi ne isofurofil mai kashi 99, masu gyaran waya kan same shi. In babu, na famasi mai digiri 90 ko 95 zai yi, amma ka guji mai 70, ruwansa ya yi yawa, ka kuma guji mai launi ko mai ƙamshin kafur, yana barin tabo. Man leta irin na Zippo, don narkar da giris. Ruwan oksijine, wato hydrogen peroxide, mai kashi 3, wanda a kwalbar famasi aka rubuta 10 volumes, don fumfuna. Sai tataccen ruwa. Na famfo da na rijiyar burtsatse suna barin gishiri idan sun bushe. Masu sayar da kayan mota suna da tataccen ruwan batir, amma ka karanta kwalbar da kyau, kada a ba ka mai asid.

Asiton, wato ruwan cire fentin farce, kada ya kusanci teburin. Yana cin fenti, yana narkar da roba, yana kuma ratsa danƙon gilashi.

Sai maganar wuri da lokaci, wadda mu a nan ta fi shafarmu fiye da kowa. Ƙurar hunturu da ke tasowa daga kwarin Bodele a arewacin Cadi, tsohon gindin tafki, cike take da sinadarin yashi, ga kuma yashin gari da iska ke ɗebowa, wanda ya fi gilashi tauri. Ƙwaya ɗaya a ƙarƙashin auduga ta isa ta ja layin da ba ya gyaruwa. Kada ka buɗe maleƙi ranar da hazo ya rufe gari. Ka yi aikin da sassafe, a ɗakin da aka goge da jiƙaƙƙen tsumma tun dare, taga a rufe, fanka a kashe. Za ka yi gumi, amma gara haka.

Buɗewa

1. Fara da waje. Hura iska, ka share da burushi, musamman ramukan zare da kan sukurori. Duk abin da ka bari a nan ciki zai faɗa.

2. Ɗauki hoto da waya ta kowane ɓangare, kuma ka ci gaba da ɗauka bayan cire kowane abu. Ja layi da fensir a kan mahaɗar kowane sassa biyu da ke juyawa, don ka mayar da su daidai inda suke.

3. Ta wajen ido ake fara shiga. Yawanci zoben da ke nan zare ne da shi. Ɗora guntun tub a kai, ka danna da babban yatsa, ka juya hagu. Kada ka kama shi da filaya: tagulla ce siririya, tana lanƙwashewa, zaren kuma ya mutu. Idan ya ƙi, duba gefensa da kyau, sau da yawa akwai ɗan mitsitsin sukuru marar kai da ya kulle shi. In babu, ɗiga alkol ɗigo ɗaya da bakin tsinke a kan zaren, ka jira minti biyar. Masana'antu kan ɗiga wani ƙaro a kan zare don kada ya kwance, alkol yana tausasa shi. Ɗigo ɗaya fa, ba a zuba ba, in ba haka ba zai gangara ya shiga tsakanin gilasai.

4. Zoben ciki mai tsaga biyu yana da abin buɗewarsa mai ƙafa biyu. In ba ka da shi, kamfas ɗin ɗalibai mai tsini biyu zai yi, bayan ka dakusar da tsinin a kan dutsen wasa wuƙa. Yanka takarda mai kauri daidai faɗin gilashin ka rufe shi kafin ka sa ƙarfe, saboda santsi ɗaya ya isa.

5. Bakin sukudireba ya cika tsagar sukuru taf, faɗi da kauri. In bai cika ba, wasa shi har ya dace. Ƙarfinka kashi mafi yawa ya tafi wajen dannawa, kaɗan wajen juyawa. A kayan Japan na baya-baya masu sukuru mai gicciye, tsarin Japan ne da ake kira JIS, sukudireba mai gicciye na kasuwa, wato Phillips, yakan zame ya cinye kan.

6. Kife maleƙin a kan ƙyalle gilashin ya faɗo da kansa. Kafin ka ɗaga shi, sa ɗigon fensir a kaurin gefensa, wajen da ke fuskantar gaba. Gilashin da aka mayar a juye shi ne dalilin da ya sa mutum zai wanke maleƙi tas, ya rufe, ya ga tsakiya garau gefe a dagule. Siraran zobban da ke tsakanin gilasai su ma suna da tsari, kowanne ya shiga raminsa a farantin ƙanƙara.

Mai juyi yana da tarko. Abin da ke sa shi yin ƙas idan ya kai kowane ido, a irin waɗannan kaya, yawanci ɗan ƙwallon ƙarfe ne ko ɗan harshe da sifirin ke turawa. Cire kan a cikin farar leda mai shara-shara, hannuwanka a ciki, don in ya yi tsalle ya tsaya a ledar. Idan ya ɓace a ƙasan siminti, sai dai ka nemi makamancinsa a wajen masu gyaran agogo. Idanun biyar kuma kada ka kwance su a lokaci ɗaya, kowanne an daidaita nisansa a masana'anta. Ɗaya bayan ɗaya, kana ƙirga juyin zare kana rubutawa.

Firizam, idan ba dole ba, a bar shi a zaune. Hura masa iska, ka goge fuskokin da hannunka ke kaiwa. Idan ya gusa ko da kaurin gashi, gidaje za su karkace a cikin maleƙin, kuma mayar da shi aikin yini ne. In hazon yana fuskar da ba ka kaiwa, zana iyakarsa da fensir mai tsini ta kowane gefe kafin ka sassauta abin da ya danne shi, ka kuma adana duk wata 'yar takarda ko toshiya da ka tarar a ƙarƙashinsa. Ba shara ba ce, da ita aka daidaita shi.

Wanki

Iska tukuna, burushi na biyu, ruwa na ƙarshe. Wannan tsarin ba ya canzawa.

Naɗa auduga kamar ƙwayar masara a kan tsinke, ta rufe tsinin gaba ɗaya. Jiƙa ta kaɗan, ka taɓa ta a kan takarda ta rage. Fara daga tsakiyar gilashin, ka zagaya zuwa gefe, nauyin tsinken kawai, ba dannawa. Shafa ɗaya, ka yar da audugar. Gilashi ɗaya yakan ci biyar ko shida, kuma babu asara a ciki, audugar da aka maimaita ita ke jan yashi.

Ga hazo, man leta da farko, sau biyu, sannan alkol. A ƙarshe ka huci gilashin da bakinka ka goge tururin da busasshiyar auduga. Idan tururin ya kwanta sumul ya tashi sumul, ya wanku. Idan ya nuna zane-zane, da sauran mai.

Ga fumfuna, ɗora ruwan oksijine da auduga a kan wurin, ya zauna minti biyu zuwa uku, ka ɗauke, ka bi da tataccen ruwa, sannan alkol. Wasu masu gyara suna haɗa shi rabi da rabi da amoniya. Yana aiki, amma a kan gilashi guda da aka fitar kawai, ban da manne, ban da madubi. Idan bayan sau biyu zanen zaren yana nan, fumfunar ta riga ta ci fuskar gilashin. Tsaya a nan. Man goge baki da wasu ke ba da shawara yana kankare gilashi ne, ya mayar da ɗan tabo ya zama hazo mai faɗi. Cikin gangar jikin maleƙin ma a goge shi da alkol, a shanya sassan ƙarfe a rana na ɗan lokaci, gilasan kuwa a inuwa.

Gilashin da ke da siririn shafe mai launin shuɗi ko shunayya, na shekarun farko bayan yaƙin duniya na biyu, shafen fuskokin ciki yakan yi laushi ƙwarai. Gwada a can gefe tukuna. In launin ya biyo auduga, bari.

Yanzu Albada. Fuskar waje ta gilashin gaba da fuskar waje ta gilashin ido, wanke su kamar kowane gilashi. Fuskokin ciki biyu, mai madubi da mai layi, iska kawai. Ko burushi ba mu yarda da shi ba. Idan hazon ya yi yawa har maleƙin bai da amfani a haka, kuma ka yarda da asarar da ka iya biyo baya, to ɗigon tataccen ruwa a can kusurwa, ka taɓa da auduga ka ɗaga ba tare da ja ba, ka duba audugar a haske. Ɗan toka-toka ko ƙyalli a jikinta yana nufin madubin ne ke tashi. Maleƙi mai ɗan hazo da layinsa ya fi garau marar layi daraja, a wajen aiki da wajen sayarwa. Kuma kafin ka yanke cewa layin ya dushe, fita da shi rana. Albada da hasken abin da kake kallo yake haska layinsa, a ɗaki mai duhu ko sabo ne ba ya fitowa sosai.

Danƙon da ya saki, wato balsam na Kanada da ake samu daga wani itace, idan a gefe yake ka ƙyale shi, ka dai raba kayan da zafi. Sabon manne yana buƙatar a raba gilasan, a wanke, a haɗa da gam na musamman irin Norland 61 da hasken UV ke busarwa, a kuma daidaita tsakiyarsu kafin ya kama. Gam ɗin gilashin waya ba madadinsa ba ne. Sufa gulu kuwa ko a jikin ƙarfe kada a sa, tururinsa yana barin farin hazo a kan duk gilashin da ke kusa.

Ƙarfe, giris da ƙafa

Wanke tsohon giris da man leta har auduga ta fito fara. Sabon da za ka sa, abin da ya maƙale a bakin tsinken sakace ya isa, a kan wurin da ƙarfe ke gogar ƙarfe kawai, nesa da gilashi. Man keken ɗinki da man inji suna yawo, cikin bazara ɗaya za ka gan su a kan gilashi. Inda baƙin fentin ciki ya ɓare har ƙarfe ke ƙyalli, taɓa shi da baƙin fenti marar sheƙi, ka bar shi kwana biyu a buɗe ya bushe kafin ka mayar da gilasai.

Ƙafar maleƙi da ke rawa a mazauni ta fi hazo ɓata hoto, domin maleƙin na kallon gabas kyamara na kallon wani wuri. Ɗaure sukurorin ƙafar. In har yanzu tana rawa, manna siririn salatif a ƙarƙashinta, ko ka ɗan ɗaga sifirin ɗin da ke cikin mazaunin kyamarar. Kada ka matse leɓɓan mazaunin da filaya.

Mayarwa da gwaji

Bi farantin ƙanƙara daga ƙarshe zuwa farko. Hura iska a kan kowane gilashi daf da rufe shi. Wajen ɗaura zobe, fara juya shi hagu a hankali har ka ji ya faɗa cikin zarensa, sannan ka juya dama. Ɗauri ya tsaya inda gilashin ya daina motsi idan ka girgiza a kusa da kunne. Matsewa fiye da haka tana fasa gefe, musamman da yake ƙarfe na buɗewa yana tsukewa tsakanin sanyin Janairu da zafin Afrilu.

Sai a gwada ko yana faɗin gaskiya. Ɗora kyamara a kan ƙafa uku ko tebur, ba fim a ciki. Buɗe bayanta, ka manna takarda mai shara-shara irin ta kwafar taswira a kan layukan da fim ke bi, sa gudun a kan B, wato inda ƙofar haske ke zama a buɗe muddin kana danne da maɓalli, buɗe idon gaba ɗaya, ka lulluɓe kanka da baƙin zane. Hoton zai fito a kife a kan takardar. Tsofaffin Leica da Zorki da FED na farko ta ƙasa ake sa musu fim, bayansu ba ya buɗewa, don haka ka gwada maleƙin a kan wata kyamarar ko ka yi gwajin da fim.

Tagar fim milimita 24 ce a 36. Da ido mai 50, bango mai nisan mita 5 zai ba ka kusan mita 3.6 a faɗi da 2.4 a tsaye. Sa alama da alli a bangon inda kusurwoyi huɗu suka faɗa a kan takardar, sannan ka leƙa maleƙin. Idan ya nuna ƙasa da haka kaɗan ta kowane gefe, daidai ne, da gangan ake barin wannan rarar. Idan ya zame gefe ɗaya, duba ƙafa. Idan ya karkace, firizam ko gilashin iyaka ne bai zauna a kan layin fensirinka ba.

Maimaita a kusa. Maleƙi yana zaune kamar santimita 5 zuwa 6 a saman idon kyamara. A nesa wannan ba komai ba ne, amma a mita 1 da ido mai 50, tsayin abin da ke shiga hoto bai fi kusan santimita 45 ba, ka ga kuskuren ya wuce kashi ɗaya cikin goma. Da mai 135 a mita ɗaya da rabi ya kai wajen rubu'i, a nan ne ake yanke wa mutum hula. Shi ya sa VIOOH da makamantansa suke da ɗan hannu a gindi mai lambobin nisa, wanda ke sunkuyar da maleƙin. Duba ko lambobin na awon mita ne ko na awon ƙafa, kayan da aka yi wa kasuwar Amurka da Ingila da ƙafa ake rubuta su. Hannun ya motsa sumul ya kuma tsaya inda aka bar shi. In yana komawa da kansa, sifirinsa ya gaji ko giris ya yi yawa.

Bayan an gama, kada a mayar da shi cikin tsohon kubensa na fata, can fumfunar ta fito. Kwalba mai murfin roba ta fi, da 'yan ƙunshin silika biyu ko uku irin waɗanda ke zuwa cikin kwalin takalmi ko magani. Daga Yuni zuwa Satumba a riƙa busar da ƙunshin duk wata, a kan murfin tukunya mai ɗumi ko cikin rana mai ƙarfi, a mayar. Da rani kuma kwalbar ta zauna a ƙasa-ƙasa cikin ɗaki, ba saman kabad kusa da kwanon rufi ba, ba kuma cikin mota ko akwatin babur ba.